'Yar Ƙofar Katangar Inna

Aikina riƙon tef ɗin awo ne. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina yi a wani ɗan ofis mai ɗaki biyu a Gashua, inda ake ƙiyasta darajar gida in za a sayar, ko za a raba gado, ko banki ya nema. Mai ofishin, wanda kowa ke ce wa Oga, shi ya yi karatun abin, shi ke sa hannu da hatimi. Ni kuwa ba abin da ya sa ya ɗauke ni illa ni mace ce. Namiji baƙo iyakarsa zaure. Kafin zuwana, in Oga ya je gida sai ya zauna jiran maigida ya dawo daga kasuwa ko fadama, a tattara mata a ɗaki ɗaya, sannan a ce masa bismilla, ya yi awo a gurguje idonsa a ƙasa. Aikin rabin awa sai ya ci kwana uku. Da na zo sai muka raba. Shi ya auna waje, ni in yi sallama in shige, in auna ɗakuna, in ɗauki hoto da waya, in ɗaga kai in duba rufi, in ƙwanƙwasa bango in ji ko bulo ne ko ƙasa ce aka yi wa rigar siminti.

An san ni da faɗa a aikin nan, ban kuma taɓa musu ba. Mutum zai shigo ofis yana haki, ya ce jibi yake son rahoto, banki na jira, ko 'yan'uwa sun taru daga nesa za su koma. Sai mu bar abin da muke yi mu hau mota, mu je mu tarar da ɗaki uku da kwaɗo. Ina makulli? Yana wurin babban ɗa. Ina babban ɗan? Ya tafi cin kasuwa Kumagannam, sai gata in Allah ya kai mu. Wani dattijo a Katuzu ya taɓa sa mu sawu huɗu a kan haka. A na huɗun na ce masa, "Baba, da saurin bakinka ya sauko ƙafarka, ai da tuni mun gama." Ya yi dariya ya dubi Oga ya ce, "Wannan 'yar taka akwai yaji." Oga ya san gaskiya na faɗa.

Waɗanda suka fi ba ni haushi su ne masu kwalliya. Unguwannin da ke kusa da kogi, duk shekarar da ruwa ya yi yawa yakan shiga gidaje, in ya janye ya bar shaida a jikin bango, wani layi mai duhu iya gwiwa ko iya ƙugu. To, da zarar an ji masu ƙiyasi za su zo, sai a aiko a ce mu dakata sati biyu. Me ake jira? Ana yaɓe. Mu zo mu tarar da sabon siminti iya ƙugu, daga nan zuwa sama tsohon fenti, layin da suke son ɓoyewa sun ƙara fito da shi. Sai kuma mu jira ya bushe kafin mu san halin da bangon yake ciki. Da sun bar shi yadda yake sun ce ga inda ruwa ya kai, da a ranar za a rubuta a wuce wurin.

Har na haddace abin da nake gaya wa duk wanda ya shigo da gaggawa. Nakan ce, "Malam, kafin ka kira mu, tara makullanka a hannu ɗaya. Fito da takardar filin. Sanar da maƙwabcinka na dama da na hagu, da bulama, wato mai unguwa, don in an zo kan iyaka kada a ce sai an nemo wane. In gado ne, ku gama rigimarku tukuna, mu awo muka iya ba sulhu ba. Aibin gidan kuma ka faɗa da bakinka tun daga ƙofa, ko ba ka faɗa ba zan gani." Wanda ya yi haka, kwana uku rahotonsa na hannunsa. Wanda bai yi ba yakan kai wata, sannan ya bi gari yana cewa ofishinmu akwai jan ƙafa.

Da yamma in an tashi, sai in sayi bandar kifi a bakin hanya in koma ɗakina, ɗaki ɗaya na haya a bayan tasha. Mijina ya daɗe da rasuwa. 'Yata guda tana aure a Damaturu, mukan yi waya ran Juma'a in ta samu sarari. Wuni nake ina shiga gidajen mutane, ina tsallake tukwane da yara, ana yi mini sannu da aiki, wani wurin a miƙo ruwa a moɗa. Amma ba mai cewa ki zauna. Wa zai saki jiki da matar da ta zo tana leƙa rufinsa tana rubutu? Na san tsawo da faɗin ɗakunan mata da yawa a garin nan, babu kuwa ko ɗaya da zan shiga in cire mayafi in miƙe ƙafa. Kaɗaici yana cina, ban taɓa gaya wa kowa ba, faɗa ya fi mini sauƙin fita.

Wurin miƙe ƙafata yana Nguru, gidan Inna, mahaifiyarmu, ba nisa da tashar jirgin ƙasa inda Babanmu ya yi aiki har ƙarfinsa ya ƙare. Gidan ƙasa ne mai ɗaki huɗu, da bishiyar lalle a tsakar gida. A katangarsa ta gabas akwai wata 'yar ƙofa da ba ta da ƙyaure, sai asabari a rataye. Babba sai ya sunkuya yake wucewa. Ita ta haɗa gidanmu da na maƙwabciyarmu, wata 'yar Mangawa da muka tashi muna ce wa Iya.

Na ga ranar da aka yi ƙofar da idona. Ina da shekara biyar naƙudar ƙanwarmu ta kama Inna da rana tsaka. Baba ya bi jirgi Kano, Yayanmu yana makaranta. Inna ta dafa katanga ta ƙwala kira. Gidan Iya ba layinmu yake kallo ba, bayansa ne ya jingina da namu, ƙofarsa tana can wani layi, kafin ta nemo mayafi ta zagayo da an makara. Sai ta ɗauki taɓarya. Damina ta riga ta jiƙa katangar. Ina tsaye ina kuka na ga ƙasa na zubowa, sai ga kan taɓarya, sai ga kan Iya duk ƙasa, tana cewa in matsa mata. Ita ta karɓi haihuwar. Da Baba ya dawo ya ga ɓarnar, ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya kira magini ya ce a gyara bakin wurin a sa azara a sama, kada a toshe.

Tun daga ranar komai ta nan yake bi. Garwashin wuta da safe, gishiri, daddawa, hayaƙin turaren Iya, labarin wadda ta haihu da wadda ta yi yaji. In Inna ta ɗauko bulala ta nan nake tserewa, in faɗa bayan Iya, ita kuma ta tare ƙofar da jikinta tana yi wa Inna tsiya. Mazajensu suka rasu, 'ya'yan Iya suka watse, mu ma muka watse, su biyu suka rage da ƙofarsu. Ko bayan na girma, in na sauka a Nguru, jakata nake ajiyewa a ɗakin Inna in sunkuya in faɗa gidan Iya babu sallama, sai dai in ce, "Iya, me aka dafa?"

Inna ta rasu ana cikin zafin bazara. Bayan an yi sadakar arba'in an watse, Yaya ya kira ni daga Kano. Ya ce sun yi magana da ƙanwarmu, gidan ba mai zama, gara a sayar kowa ya ɗauki rabonsa. Har an samu mai saye, wani ɗan kasuwar hatsi da ke neman wurin ajiyar buhuna, amma kafin a yi ciniki ana son a san darajar gidan a rubuce don kada wani ya ce an cuce shi.

"Ke ce a cikin harkar," in ji shi. "Kuma makullai na hannunki. Sati ɗaya ai ya ishe ku."

Na ce, "Kwana uku ma ya isa, Yaya."

Da bakina na faɗa. Sai da na ajiye wayar na tuna yadda ake gina wurin ajiyar hatsi. Na auna irinsu ba adadi. Katangar bulo ce doguwa, a dasa fasassun kwalabe a kanta, ba a barin ko ramin da ɓera zai bi. Ranar da rahoto ya fita ciniki zai faɗa, ranar da ciniki ya faɗa za a toshe 'yar ƙofar nan. Iya ta haura tamanin, idonta ya yi rauni, ita kaɗai ce a gidanta sai wata jika da ke zuwa ta ɗebo mata ruwa ta tafi. Na ce wa kaina saboda Iya ne jikina ya yi sanyi. Haka na ce wa kaina.

Oga ya ce tunda ina cikin magada ba zan taɓa tef ba, shi zai yi komai, ni matsayina na mai gida ne kamar kowa. Muka sa ranar Asabar. Muka hau mota da sassafe. Mun wuce Jajimaji kaɗan na buɗe jaka na lalube ta, na dafe ƙirji na ce, "Innalillahi, Oga, na bar makullan a ɗaki." Ya juyo ya dube ni. Shekara goma sha ɗaya yana jin ina wanke mutane tas a kan makulli. Ya sa direba ya tsaya muka sauka, muka tsallaka titi muka jira motar komawa. Makullan suna nan a ƙasan jakar, ɗaure a bakin hankici, ina jin nauyinsu a cinyata har muka iso Gashua.

Sati na biyu na ce takardar filin ce ba a gani ba. Wannan kam da ɗan gaskiya a ciki, don ba ta cikin akwatin Inna. Na ce wa Oga ya bari in je ni kaɗai in bincika. Daga nan Asabar ta zama tawa. In sauka a Nguru da hantsi, in buɗe gidan, in share tsakar gida, in ba lallen ruwa. In shiga ɗakin Inna in zauna a bakin gado, ban ɗaga ko katifa ba. Gidan da babu kowa shirunsa daban ne, har ƙarar tsintsiyarka sai ta dame ka. In shirun ya ishe ni sai in tashi in ɗaga asabari in sunkuya.

"Wushe, wushe," Iya za ta ce, wato sannu da yarensu, tun kafin in miƙe tsaye, ta kira ni da sunan da ita da Inna kaɗai ke kirana da shi. "An ga takardar?"

"Ba a gani ba, Iya."

"To, Allah ya bayyana. Zo ki ci burabusko."

Sai in cire mayafi in jefa a igiya, in zauna a ƙasa in miƙe ƙafa. Ta yi mini faɗan na rame, in yi mata faɗan tana hura wuta da ido ba ya gani. In tsefe mata kai, ta ba ni labaran da na ji sau ɗari, wanda ya fi yawa na ranar taɓarya, kullum kuma katangar tana ƙara kauri a bakinta. Da la'asar in koma ta inda na fito, in kulle gidan Inna, in kama motar Gashua da ƙunshin turare a jaka.

Haka na yi Asabar shida. Ran Litinin in koma ofis in ci gaba da yi wa mutane faɗan makulli da takarda, sai dai muryar ba ta fita kamar da. Wata rana ina cikin karanta wa wani mutum haddata, na kai wurin faɗin aibin gida tun daga ƙofa, na ga Oga ya ɗago daga kan takardunsa yana kallona ta saman tabarau. Da mutumin ya fita ya ce, "Hajiya, aikin gidan Nguru yana nan a buɗe a teburina. Ban matsa miki ba. Amma ban taɓa ganin takarda ta ɓace wa mai irin idonki ba." Na ce masa ai ba shi ya haifi takardar ba balle ya san halinta. Ya mayar da kansa ƙasa. Na fita waje na tsaya a rana ina jin kunya.

Yaya kuwa tun a sati na uku ransa ya fara ɓaci. Ya ce mai saye ya fara duba wani wuri. Ya ce in ofishinmu ba zai iya ba ya kawo wasu daga Kano. Na ce ya kawo, in sun zo su auna da hancinsu, tunda makulli na hannuna. Ya kashe waya. Faɗan Yaya bai taɓa hana ni barci ba tun muna yara.

Wayar ƙanwarmu ce ta karya ni. Ita ce wadda aka fasa katangar dominta. Tana zaune a Jajimaji da 'ya'ya biyar, mijin ya rasu ya bar mata ɗaki biyu da aka kai ginin har saman ƙofa ba a yi rufi ba, suna cikin wani ɗakin ƙasa na aro da ke yoyo ta ko'ina. Da rabonta take son sayen kwano. Na san haka sarai, sau goma sha biyu na wuce ta garinsu a mota ina kau da kai. Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta ma ambaci gidan ba. Mun gaisa, ta tambayi aiki, na tambayi yara. Can ta ce mini, "Yaya, jiya hadari ya haɗu ta gabas. Bai dai zuba ba." Sannan ta ce a gaishe da Iya.

Asabar ta bakwai ban share tsakar gida ba. Ina buɗe gidan na wuce kai tsaye na sunkuya. Iya na zaune a kan tabarma a gindin katanga, inda rana ke fara sauka, da wani ƙunshi a cinyarta, tsohon zanen Inna ne na gane shi tun daga nesa. Ba ta tambaye ni ko an ga takarda ba. Ta ce in zauna. Ta kwance zanen, ga leda, cikin ledar ga wata leda, ciki ga takardar filin ta yi ja don tsufa, da sa hannun Baba.

"Tun shekarar da gara ta ci akwatin babanku uwarki ta kawo mini ajiya," in ji ta. "Kina nan a tsaye aka ba ni. Ke kika riƙe mini asabari."

Na sunkuyar da kai. Ban manta ba. Tun ranar farko na san inda take.

"Na ga kina ta zuwa neman takarda, ba ki taɓa tambayata ba," ta ce. "Sai na ce yarinyar nan ba takarda take nema ba. Ni ma kuma na yi shiru. Kada ki ɗauka ke kaɗai ce mai laifi. Tun ran Alhamis nake fara jiƙa gero."

Na ce, "Iya, kin san wanda zai saya? Toshewa zai yi."

"Na sani mana. Ina ce ni na fasa ta? Ƙasa ce, ba dutse ba." Ta lalubo hannuna ta danƙa mini takardar. "Jikata ta ce mini an ga 'yar'uwarki tana tara robobi a ɗaki saboda yoyo. Ni na fito da yarinyar nan duniya da hannun nan. Ba zan zauna a kan rufinta ba don in ci burabusko da ke."

Na yi kuka a ranar, irin wanda ban yi ba ko a ranar da aka ɗauki Inna. Na gaya mata gaskiya, cewa ba don ita na yi ba, don kaina ne, in aka toshe ƙofar nan ban san inda zan ƙara shiga babu sallama ba. Ta bar ni na yi mai isata. Sannan ta ce in tashi in duba mata tukunya, tana jin ƙauri.

Abin da nake koya wa mutane, a kwana biyu na yi shi duka. Na yi wa takardar hoto na tura wa Oga. Na ɗaura wa kowane makulli ƙyalle na rubuta ɗakinsa. Na je wurin bulama, na gaya wa maƙwabcinmu na yamma, na kira Yaya da ƙanwarmu kowa ya faɗa wa Oga da bakinsa cewa ya yarda. Ran Talata tun kafin motarsa ta iso na buɗe ɗakunan huɗu na tokare ƙyamaren da duwatsu. Na tare shi a zaure na ce, "Oga, azarar ɗakin kudu gara ta ci. Bangon baya ya tsage daga sama har ƙasa. Rijiyar ta kafe shekara uku. Katangar gabas kuma akwai ƙofa zuwa gidan maƙwabta, ba ta cikin takarda."

Ya tsaya a bakin zaure yana gyaran murya kamar yadda ya saba, yana jiran a ce mata sun kauce. Na ce, "Shiga kawai, Oga. Babu kowa."

Bulama ya riƙe masa bakin tef. Ni na tsaya a gindin lalle hannuna a naɗe, ban san yadda ake tsayuwa a gida ana awo ba tare da abin yi ba. Da suka zo katangar gabas, Iya ta leƙo ta ƙarƙashin asabari ta ba da shaidar iyaka, daga nan zuwa nan nasu ne, daga nan nawa. Oga ya durƙusa ya gaishe ta, sannan ya auna faɗin ƙofar da tsawonta ya rubuta. Ko awa ɗaya ba su yi ba suka gama.

Ran Juma'a rahoto ya fita da hatimi. Ni na ɗauko shi daga wurin bugawa, na karanta a hanya. A shafi na biyu, ƙarƙashin abubuwan da ke buƙatar gyara, bayan gara da tsagewar bango, an rubuta cewa akwai ɓaraka a katangar gabas wadda ya kamata a toshe. Ba ƙarya ya rubuta ba. Da gidan wani ne ni ma haka zan rubuta, na kuma sha rubuta irinsa ban taɓa tambayar wa ya fasa ba. Kafin ruwa ya kankama ƙanwarmu ta yi rufi, ta turo mini hoton yaran a tsaye a ƙarƙashin sabon kwano suna washe baki. Har yau in mai gaggawa ya shigo, Oga yakan nuna ni ya ce, "Ku tambayi Hajiya, nata kwana uku ya ɗauka." Ba ya faɗin sati bakwai ɗin da suka gabata, ni ma ba na faɗa.

Sai bayan kaka aiki ya sake kai ni Nguru. Muka gama da wuri, na ce wa Oga ya wuce zan biyo motar yamma. Na sayi goro da sabulu, ƙafata ta ɗauke ni zuwa layinmu ba tare da na yi tunani ba. Sai ga ni a gaban ƙofar ƙarfe, katangar bulo ta tashi sama da kwalabe a kanta, ana sauke buhuna daga mota. Na tsaya da leda a hannu. A nan ne abin ya faɗo mini: shekara hamsin ina shiga gidan Iya, ban taɓa shiga ta ƙofar gidanta ba. Ko kalar ƙyaurenta ban sani ba.

Na zagaya ta bakin masallaci na shiga layin baya. Ƙofofi ne a jere duk iri ɗaya. Ni da nake gane gidan da ruwa ya taɓa shiga daga tsallaken titi, na yi sama na yi ƙasa sau biyu ina ƙirga katangu, na kasa. Dole na tsaya wurin wani tela da ke ɗinki a rumfa, na kwatanta masa tsohuwar. Ya nuna mini wata ƙofar langa-langa da na wuce sau biyu.

"Baƙuwa ce ke?" ya tambaya.

Na buɗe baki zan wanke shi, in gaya masa a bayan katangar can aka yanke mini cibiya tun ba a haifi ubansa ba. Sai na ce, "E, baƙuwa ce."

Na shiga zauren, duhu, da warin awaki, ban san ta inda ake karyawa ba sai da na lalubi bango. Na fito tsakar gidan ta wani gefen da ban saba ganinsa ba, komai ya juya mini. Iya na zaune a tabarmarta a gindin katanga, ta ba ni baya. Inda asabari yake a da, bulo ne sabo fari, ko yaɓe ba a yi masa ba. Na gyara mayafina na yi sallama.

Ta ɗago kai da sauri. Ta gane muryar. Ta kira ni da sunan nan, ta ce, "Wushe, wushe, shigo mana," tana murmushi, fuskarta na kallon bulon, hannunta a miƙe wajensa.

Na ce, "Iya, ta nan nake. Ta bayanki."